Dukan Mata Da Shirun Maƙwabta: Laccar Da Aka Yi A Zurgu

Jama'ar Zurgu, da 'yan'uwa 'yan kasuwa da kuka zo daga Rano da Kibiya, yau da mu maƙwabta na ke, mu da mu ke jin ihu ta bayan katanga mu gyara kwanciya, mu ce tsakanin miji da mata sai Allah.

Ku dubi yadda abin ya ke tafiya. Mace ta sha kashi ta yi yaji. Uba ya ce ta kunyata shi, uwa ta ce ita ma haka ta zauna. Bayan kwana uku miji ya aiko biko da goro da turmin atamfa, a rakata a ce ta yi haƙuri. Shi kuwa ba wanda ya ce masa kanzil. Ashe haƙurin nan mutum ɗaya aka rubuta wa?

Har doka ma ta taɓa ɗaure wa abin gindi. Dokar laifuffuka ta Jihar Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, sashe na 55 ya ce ba laifi miji ya hori matarsa in al'adarsu ta yarda, muddin bai yi mata mummunan rauni ba. A 2015 Gwamnatin Tarayya ta yi dokar hana cin zarafin mutane, jihohi suka yi ta ɗauka, amma har 2024 ta kama Kano ba ta ɗauka ba.

A Disambar 2024, wurin wani taro na Jami'ar Bayero, Sarki Muhammadu Sanusi II ya ce yana gaya wa 'ya'yansa mata in miji ya mare su su rama. Wohoho! Sai gari ya ɗauka, a rediyo da Facebook da bakin kasuwa. Amma ku lura da abin da aka yi ta gardama a kai: ramuwar. Marin farko, wanda shi ne tushen maganar, kaɗan ne suka tsaya kansa. Haka kuma a 2009, da Hajiya Altine Abdullahi ta shirya zawarawa su fito su nuna kukansu a Kano, Hisba ta hana, aka ce abin kunya ne.

To, ga abin da na ke so kowa ya tafi gida da shi, domin yawancinmu ba mu san shi ba. A mazhabar Malikiyya, wadda alƙalanmu su ke hukunci da ita, matar da miji ya ke cuta tana da ikon alƙali ya raba auren, ba ta biya ko kwabo. Wannan dabam ne da hul'i, inda ita ce za ta mayar da sadaki ta fanshi kanta. Mene ne ya ke raba biyun? Shaida. Kuma malaman Malikiyya sun sauƙaƙa, sun ce ba lalle sai wanda ya gani da ido ba. In magana ta bazu a unguwa cewa wane yana dukan matarsa, wannan ji da aka ji ya isa shaida. Har wadda ta riga ta biya hul'i, in cutar ta tabbata daga baya, sai a mayar mata da kuɗinta.

Watau ke nan, malam, ranar da aka kira ka gaban alƙali ka ce ba ruwanka, kai ne ka tura ta ga hul'i. Uban da ba shi da komai sai buhun dawa biyu da akuya, shi zai kwaso su ya kawo kasuwa, mu kuma mu taya da araha, a haɗa kuɗin a kai wa wanda ya yi dukan, ya ƙara aure da su kafin kaka.