Garkuwar Jiki Tana Dawowa, Amma Ba A Rana Ɗaya Ba



A matsayina na ma'aikacin lafiya, an ce in yi bayani a kan masu shan maganin ƙanjamau da yadda jikinsu yake farfaɗowa. Kada wani ya ce bai shafe shi ba. Binciken da aka yi a faɗin Nijeriya a 2018 ya nuna kimanin mutum miliyan 1.9 ne ke ɗauke da ƙwayar HIV. Ba mamaki akwai ɗan'uwanka a ciki, bai dai faɗa maka ba ne.

A cikin jininmu akwai wasu ƙwayoyi da likitoci ke kira CD4. Su ne ke shirya yaƙi idan cuta ta shigo jiki, kuma su ne HIV take shiga tana kashewa. Mai lafiya, in an gwada jininsa, akan sami tsakanin 500 da 1,500. In suka sauko ƙasa da 200, garkuwa ta karye: tarin fuka, sanƙarau, zawo mai daɗewa da rama duk sun sami ƙofa.

Maganin da ake bayarwa yanzu, galibi ƙwaya ɗaya ce a rana. Ba ya fitar da cutar daga jiki gaba ɗaya, hana ta hayayyafa yake yi. Ga mai sha kullum, cikin kamar wata 6 takan ragu har na'urar gwaji ta kasa ganinta. Daga nan jiki ke samun sarari ya sake gina garkuwarsa. A shekarar farko CD4 takan ƙaru da kamar 50 zuwa 150, sannan ta ci gaba da hawa sannu a hankali shekara da shekaru. Wanda ya fara da wuri yakan koma kusan yadda yake da. Wanda ya jira har ya kwanta, wani sa'in ba ya kaiwa 500 ko bayan shekaru. Shi ya sa tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk wanda aka samu da ƙwayar a fara ba shi magani, kada a jira.

To jama'a, ga wurare biyu da mutanenmu suke faɗuwa.

Na farko, wani yakan fara magani, bayan 'yan makonni sai zazzaɓi ya taso, tari ya ƙaru, kaluluwa ta kumbura a wuya. Sai dangi su ce ai maganin Bature ne bai karɓe shi ba, a ajiye a koma jiƙe-jiƙe. Alhali sau da yawa garkuwar ce ta farka, ta tarar da tarin fuka a ɓoye, ta kama faɗa da shi. Abin yi shi ne a koma asibiti ranar, ba a daina sha ba.

Na biyu ya fi shafar mu mazauna kudu, don mu mutanen hanya ne. Direban tirela, mai fataucin shanu ko goro, mai zuwa gida Sallah ko noman damina: jiki ya yi kyau, ƙiba ta dawo, sai magani ya ƙare a can Arewa, ya ce ai na warke. Wallahi ba ka warke ba. Cikin 'yan makonni ƙwayar takan sake yawaita, garkuwar da aka yi shekaru ana ginawa ta soma zubewa. Sha yau a bari gobe kuma yakan sa maganin ya daina aiki.

Saboda haka kafin ka ɗaura kaya, je ka gaya wa likita. Ana iya ba ka na wata 3 ko fiye, ko a rubuta maka takardar da za ka kai asibitin garinku. In azumi ya zo, a tambaya yadda za a mai da lokacin sha zuwa dare.

Mu kuma sauran, mu rufa asiri, mu daina nuni da baki. Kunya ce take hana mutum zuwa karɓar maganinsa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.