Akwatin Sauya Muryar Jita: Yadda Ake Koyon Gyara Shi da Hannu



Abin da zan yi magana a kai ƙaramin akwati ne wanda makaɗin jita yake takawa da ƙafa don ya sauya muryar kiɗansa. Na zaɓe shi ne domin a cikinsa akwai kusan dukan abin da muke haddacewa a ajin lantarki, alhali yawancinmu ba mu taɓa riƙe ƙarfen narka dalma ba.

Asalin abin a Amurka ne. A birnin Nashbil, wata na'urar ɗaukar murya ta sami matsala, sai kiɗa ya fito da wata irin gurzajjiyar murya wadda ta burge jama'a. Injiniya Glenn Snoddy ya zauna ya ƙera da'irar da za ta riƙa ba da wannan murya da gangan, kamfanin Gibson kuma ya fitar da ita a 1962 da sunan Maestro Fuzz-Tone. A 1966 aka fitar da Fuzz Face a Landan, wanda Jimi Hendrix ya shahara da shi. Shi ne ya fi dacewa da ɗan koyo, don kuwa kayan cikinsa ƙirgaggu ne: turansista biyu, rizista huɗu, kafasita uku, da maɓallan murɗawa biyu, duka a kan batir mai volt 9.

To, yaya yake aiki? Lantarkin da jita take fitarwa kaɗan ne, yana hawa yana sauka kamar igiyar ruwa. Turansista tana ƙara masa girma, amma ba za ta iya wuce iyakar ƙarfin batir ba. In igiyar ta nemi zarce wannan iyaka, sai a datse kanta da gindinta. Wannan datsewa ita ce kunne yake ji a matsayin gurzar murya. Duk gyaran da za a yi, watau sarrafa wannan datsewa ne, ko zaɓen sautin da zai kai gare ta.

Alal misali, kafasitar da take bakin shiga mai mikrofarad 2.2 ce. Ita ce mai gadin ƙofa. In aka musanya ta da ƙarama, sai ta tare sauti mai kauri, murya ta fito siririya, garau. Gyara na biyu ya shafe mu kai tsaye. Turansistocin farko na jameniyam ne, shi kuwa zafi yana sauya halinsa. Akwatin da ya yi daɗi da sanyin safiya yana iya shaƙewa da azahar a watan Afrilu, lokacin da zafi yakan haura digiri 40 a Sakkwato ko Maiduguri. Maganinsa shi ne a cire rizistar nan mai ohm 8,200 a sa wadda ake murɗawa, a ɗora mita a kan turansista ta biyu, a daidaita har ta nuna wajen volt 4.5, rabin ƙarfin batir. Wanda ya fi son kwanciyar hankali sai ya koma ga silikon, irin su BC108, ko da yake muryarsa ta fi kaifi.

Wasu akwatunan kuma, irin su Tube Screamer na Ibanez na 1979, da dayod suke datse igiyar. Dayod na jameniyam yakan fara datsewa a wajen volt 0.3, na silikon a wajen 0.6, jan ƙwan LED kuwa sai an kusa volt 2. Ke nan musanya abu biyu ƙanana ya isa ya sauya ƙarfin murya da laushinta.

Bugu da ƙari, akwai ƙa'idojin da ya kamata ɗan koyo ya kiyaye. Ya fara fahimtar zanen da'ira kafin ya taɓa waya. Ya gwada a allon gwaji mai ramuka kafin ya narka dalma. Ya sauya abu ɗaya tak a lokaci guda, ya saurara, ya rubuta. Wanda ya sauya uku tare ba zai san wanne ya yi aikin ba. Ya kuma lura cewa tsohon Fuzz Face na jameniyam haɗin batirinsa a juye yake, saboda haka ba a haɗa shi a kan wuta ɗaya da sauran akwatuna. Daɗin daɗawa, kada sabo da volt 9 ya kai shi buɗe amfilifaya mai kwalabe, domin kafasitocinta suna riƙe ɗaruruwan volt ko bayan an kashe ta, kuma suna kisa.

'Yan'uwa, gobe mu ne za a damƙa wa na'urorin asibitoci da gidajen rediyo. Injiniyan da bai iya bin sawun lantarki a cikin turansista biyu ba, in babbar na'ura ta tsaya, abin da zai iya kawai shi ne rubuta takardar a sayo sabuwa. Tsohuwar rediyo tana nan a gidajenmu cike da kayan gwaji, masu gyaran rediyo na kasuwa kuma sun fi mu sanin hannu, sai mu sauke girman kai mu zauna gabansu. Da koyo akan iya.