Sana'ar Hannu: Guzurin Da Ke Bin Mai Hijira

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya



Hijira ba baƙuwa ba ce a tarihinmu. A 1804 Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya bar Degel zuwa Gudu, daga baya ya zauna nan Sifawa, ƙasar Boɗinga, kafin ya koma Sakkwato a 1815. Mun ji daga magabata cewa Shehu, duk da ɗaukakarsa, igiya yake tufkawa don ya ci guminsa.

Yau wata hijirar ce ta same mu, ta tilas. Tun harin Tabanni a 2018, wanda ya kori jama'a zuwa Gandi, 'yan bindiga suka yi ta tayar da ƙauyuka a Isa da Sabon Birni da Rabah, har wutar ta iso kudancin jiha. Wanda ya gudu ya bar gona, an kore masa shanu, abin da ya rage masa shi ne abin da hannunsa ya iya.

Kowace shekara mukan tara kuɗi mu aika da buhunan hatsi. Allah ya saka da alheri, amma buhu ƙarewa yake yi. A cikin waɗannan bayin Allah akwai majema da dukawa, akwai mata masu saƙar tabarma da faifai, akwai maginan tukwane. Kayan aikinsu kuma na ƙasarmu ne: kaba, yumɓu, bagaruwar jima, da fatar jar akuyar Sakkwato, wadda fatake suka riƙa ketare Sahara da ita har Turawa suka ɗauka ta Maroko ce.

Sai dai mu yi hattara. A Yuganda, an fitar da al'ummar Batwa daga dajin Bwindi a 1991, da yawansu suka koma saƙar kwanduna suna jiran masu yawon buɗe ido. Da annobar korona ta tsayar da baƙi a 2020, ciniki ya tsaya. Sana'ar da ta dogara ga baƙo da tausayinsa ba ta ɗorewa, sai wadda mutanen gida ke bukata kullum.

Nan ne aikinmu yake. Mu da ke Legas da Kano da Abuja, mu ne kasuwar. Ina roƙon ƙungiya ta yi abu uku: ta ƙidaya masu sana'a a cikin 'yan gudun hijirar da ke tsakaninmu, ta saya musu kayan aiki a matsayin rance marar ruwa, sannan kowane reshe ya karɓi kaya kai-tsaye, kada dillali ya cinye ribar. In za mu aurar da 'ya'yanmu, mu raba faifai da jakar fata maimakon bokitin roba.

Wanda ya sayi tabarmar gwauruwa da daraja ya ciyar da ita ba tare da ya sa ta miƙa hannu ba. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya, ya zaunar da ƙasarmu.