A DUBA TAKARDAR HUKUNCI KAFIN A SA TA A AKWATI

Jawabin da aka gabatar a taron wata-wata na 'yan ƙasar Katagum mazauna Sabo, Ibadan

 

Jama'a, muna nan Kudu muna neman abinci, amma gonakinmu da gidajen gado suna can Azare, Chinade, Madara da garin Katagum. In shari'a ta taso sai mu je a gurguje, a yanke hukunci, mu hau mota, takarda kuma ta biyo mu daga baya. Mu nawa ne muke zama mu karanta ta?

Alƙali mutum ne, mai buga takarda ma haka. Ana iya rubuta ₦50,000 a gurbin ₦500,000, ko iyakar gabas ta koma yamma, ko tumunin matar mamaci ya zama sudusi. Yau kowa ya san gaskiya, amma bayan shekara ashirin, shaidu sun kwanta dama, takardar ce za ta yi magana da 'ya'yanmu.

Kada mu ce sai ƙananan kotuna. Ranar 17 ga Nuwamba 2023 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta bayyana a zaure cewa ta tabbatar da tsige Gwamna Abba Kabir Yusuf na Kano. Da takardar ta fito, sai ga wani sashe yana ba shi nasara. Babban magatakardan kotun, Umar Bangari, ya ce kuskuren rubutu ne. Sai 12 ga Janairu 2024 Kotun Ƙoli ta raba gardama ta tabbatar masa da kujerarsa. In haka ta faru da gwamna, ina ga ɗan kasuwar Sabo?

To, ga yadda doka take. Alƙali in ya yanke hukunci ya gama, ba ya dawowa ya sake ra'ayi. Amma yana da ikon gyara tuntuɓen alƙalami, wato suna, lissafi ko kwanan wata, don rubutu ya dace da abin da ya yanke. Ana neman haka ne a kotun da ta yi hukuncin, da sanin abokin shari'a. Wanda hukuncin kansa ne bai gamsar da shi ba, sai ɗaukaka ƙara, ita kuwa tana da wa'adi.

Sashe na 294 na tsarin mulkin 1999 ya wajabta wa manyan kotuna su ba masu shari'a kwafin hukunci cikin kwana 7. Mu nema, mu ba mai karatu ya karanta mana a gaban 'yan uwa. Kada kowa ya sa biro ya gyara da hannunsa, wannan jabu ne, laifi ne babba.

Muna roƙon shugabanni su ware mutum biyu masu ilimi da za su riƙa duba mana irin waɗannan takardu. Allah ya raba mu da rigimar gado, amin. Wassalam.