Kafin a Miƙa Mata Keken Ɗinki, a Fara Sauraronta



 An ce in yi magana a kan mata da 'yan matan da rikici ya raba da gidajensu, da irin taimakon da ya dace da su. Na san mu 'yan siyasa da an ce tallafin mata, abin da ke fara zuwa mana a rai shi ne keken ɗinki, injin markaɗe, da turmin atamfa mai hoton ɗan takara. To yau ina so mu duba abin da ya kamata ya riga keken zuwa, domin idan babu shi, keken ba ya kwana biyu a ɗaki.

Tun rikicin da ya ɓarke a Maiduguri a watan Yulin 2009, sama da mutum miliyan biyu suka rasa matsuguninsu a Borno, Yobe da Adamawa, kuma akasarinsu mata ne da ƙananan yara. Wasu sun tsallaka Diffa a Nijar, wasu suna sansanin Minawao a Kamaru. A Arewa maso Yamma ma ga shi nan, mutanen ƙauyukan Zamfara, Sakkwato da Katsina suna kwana a makarantu da kangaye, dubbai sun ƙetara jihar Maraɗi. Duniya ta san 'yan matan Chibok 276 da aka sace a Afrilun 2014, ta san na Dapchi 110 a Fabrairun 2018, ta san na Jangebe a 2021. Amma bayan waɗannan akwai dubban mata da ba wanda ya taɓa jin sunansu, waɗanda aka kashe mazajensu a gabansu, ko aka aurar da su da bakin bindiga, ko suka yi kwana da kwanaki a daji da goyo, ɗan ya cika a bayansu ba su sani ba.

Jama'a, mace irin wannan ko ta iso gari lafiya, abin da ta gani yana nan tare da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙiyasi a 2019 cewa a wuraren da aka yi yaƙi, kusan mutum ɗaya cikin biyar yana fama da wata larura ta ƙwaƙwalwa, kamar ciwon damuwa, fargaba, ko firgicin da ke biyo bayan tashin hankali. Ku lissafa ɗaya cikin biyar na miliyan biyu, ya kai dubu 400. Kuma alamun ba ɓoyayyu ba ne. Ba ta iya barci. Murfin tukunya ya faɗi sai ta zabura. Ta zauna shiru tun safe, yaro na kuka ba ta ji. Kullum ciwon kai, kullum ƙirji ya yi nauyi, ta je kemis a ba ta maganin ciwon jiki, gobe abin ya dawo. Mu kuma a unguwa sai mu ce iska ce, ko mu ce ta taɓu, ko mu ce lalaci ne kawai. Ciwo ne, yana da dalili, kuma yana warkewa.

Abin takaicin, da yawansu bayan sun tsira sai suka tarar da wani sabon ciwon a hannunmu. A 2016 UNICEF da ƙungiyar International Alert sun yi bincike a Borno, suka gano ana kiran matan da suka kuɓuto daga hannun mayaƙa da sunan matan Boko Haram, wasu ma ana ce musu annoba. Miji ya ƙi karɓarta, kishiya ta hana 'ya'yanta wasa da ɗan da ta dawo da shi. A watan Oktoban wannan shekarar, Human Rights Watch ta wallafa bayanan mata da 'yan mata 43 da aka ci zarafinsu a sansanoni bakwai na Maiduguri, kuma cikin waɗanda aka zarga har da jami'an tsaro, 'yan sa-kai da shugabannin sansani, har sai da Shugaba Buhari ya ba da umarnin bincike. Wato mutumin da ke riƙe da katin abinci shi ne ke neman mutuncinta kafin ya miƙa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a nan yunwa ce tsagar.

Yanzu ku ɗauki wannan matar, ku kira ta filin taro, a miƙa mata keke a gaban kyamara. Ba ta da kuɗin zare, ba ta da ɗakin da za ta kulle shi, yaranta ba su karya ba, kanta ba ya riƙe awon riga saboda rashin barci. Me za ta yi? Kasuwa za ta kai shi, ta karɓi rabin kuɗinsa ta auno masara. Sai mu koma gefe muna cewa matan nan ba su da godiya. Wallahi lissafinta daidai ne, namu ne bai cika ba.

To mene ne wannan tallafin kwantar da hankali da ake ta faɗa? Masu aikin agaji na duniya sun tsara shi tun 2007 a hawa huɗu, kamar matakala. Hawa na farko shi ne abinci, ruwa, makwanci da tsaro, a ba da su cikin mutunci. Banɗakin mata ya kasance daban, da ƙofa mai sakata da fitila da dare. Mace ta raba wa mata abinci. A nema musu makamashin girki, domin hanyar neman itace na cikin wuraren da aka fi tare su. Hawa na biyu shi ne dangi da jama'a: a haɗa uwa da ɗanta da suka rabu, a dawo da suna da biki da zaman makoki, a samar da wurin da mata za su zauna su kaɗai su yi hira ba namiji a kansu. Hawa na uku shi ne mutumin da aka horar, wanda ba likita ba ne, ya zauna da ita ya saurare ta bisa tsari. Hawa na huɗu, can ƙoli, shi ne asibiti da likitan ƙwaƙwalwa, kuma kaɗan ne ke buƙatar kaiwa can. Ku lura, hawa uku na ƙasa duk a unguwa ake yin su.

Dole ma a yi su a unguwa, domin likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Maiduguri ba zai iya ɗaukar ciwon jihohi shida shi kaɗai ba. Amma wasu sun nuna mana hanya. A Zimbabuwe, wani likita mai suna Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata, kakanni, suna zama a kan benci a harabar asibitin unguwa suna sauraron masu damuwa, kuma binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da su sun fi samun sauƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da wani tsari na zama biyar, mako-mako, kowane zama awa ɗaya da rabi, wanda wanda ba likita ba zai iya gudanarwa. An gwada shi a Peshawar ta Pakistan, an gwada shi a Nairobi da matan da aka ci zarafinsu, ya yi aiki. Ana koya wa mutum numfashi a hankali idan fargaba ta taso, ya rarraba matsalolinsa ya fara da wadda zai iya warwarewa, ya tashi ya koma ƙananan ayyukan da ya bari, ya nemi mutanen da zai jingina da su. A nan gida, gidauniyar Neem ta Dakta Fatima Akilu ta riƙa kai masu ba da shawara har cikin unguwannin Borno maimakon jiran mutane su zo. Hajiya Hamsatu Allamin ta haɗa kan matan da aka kama ko aka ɓatar da 'ya'yansu da mazajensu, suna magana da murya ɗaya. Barista Zannah Mustapha ya buɗe makaranta a 2007, ya zaunar da marayun ɓangarorin biyu a aji ɗaya, har aka ba shi lambar yabo ta Nansen a 2017. Duk 'yan ƙasar nan ne.

Sai batun dabarun zaman rayuwa, kuma a nan ma muna gajarta shi zuwa sana'a kawai. Sana'a tana ciki, amma kafin ita akwai karatu da lissafi gwargwadon da za ta iya karanta takardar asibiti, ta ƙirga canji, ta raba uwar kuɗi da riba. Akwai sanin jikinta, tsaftar al'ada da abin da za ta yi amfani da shi, domin yarinya da yawa kunyar wannan ce ke fitar da ita daga aji. Akwai iya cewa a'a, da sanin wurin da za ta kai ƙara. Akwai wani ilimi da ke ceton rai wanda ya kamata kowace uwa a ɗakin nan ta haddace: wadda aka yi wa fyaɗe a kai ta asibiti cikin awa 72, domin a wannan tsakanin ne maganin kariya daga cutar HIV ke aiki. Rufa-rufar kwana huɗu tana iya zama ciwon har abada.

Idan an zo sana'ar kuma, a tambaye ta me ta iya. Matan Bama da Dikwa da Gwoza ba su zo duniya a sansani ba. Wata manomiya ce, wata gwanar ɗinkin hula, wata mai haɗa turaren wuta da humra, wata mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kada a tara mata ɗari biyu a unguwa ɗaya a koya musu sabulun ruwa dukansu, wa zai saya a wurin wa? A ba ta jari daidai da sana'ar, a haɗa su goma sha biyar ko ashirin su yi adashi mai asusun rance, a nemo musu dillalin da ba zai karɓi hular da aka yi makonni ana ɗinkawa a kan kuɗin kwano biyu na shinkafa ba. Zaman adashin nan ma magani ne, domin a nan wadda ta yi shekara ba ta buɗe baki ba take fara magana. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Me ya sa maganar ta zama ta gaggawa? Dalili biyu. Daga 2021 gwamnatin Borno ta rufe sansanonin cikin Maiduguri irin su Bakassi, aka mayar da wasu garuruwansu, wasu suka bazu cikin unguwanni suna haya ko raɓe a gidan dangi. Ambaliyar madatsar Alau ta Satumbar 2024 ta sake tayar da mutanen da ba su gama zama ba. Dalili na biyu, tun farkon 2025 Amurka ta janye mafi yawan tallafin da take bayarwa ta USAID, ƙungiyoyin agaji suka rage ma'aikata. Ma'ana matan nan yanzu suna cikin mazaɓunmu, kuma mai farar mota da ke zuwa duba su ya fara ɗaukewa. Idan ba mu ɗauka ba, ba mai ɗauka.

Doka kuwa akwai ta a takarda. Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Kampala ta kare 'yan gudun hijira na cikin gida a 2012, ta amince da manufar ƙasa a kansu a 2021. Maƙwabciyarmu Nijar ta riga kowa a Afirka, ta mayar da yarjejeniyar dokar ƙasa a Disambar 2018. Muna da dokar hana cin zarafin mutane ta 2015. A Janairun 2023 aka sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958 da muka gada daga Turawa. An kafa Hukumar Raya Arewa maso Gabas da dokar 2017. Tambayar da za mu riƙa yi wa duk wanda muka ɗaga hannunsa ita ce, nawa ka ware wa wannan a kasafi, kuma nawa aka saki?

Ga roƙona gare mu, abin da ba ya buƙatar izinin Abuja. Kowace shugabar mata ta mazaɓa ta zauna da mai unguwa ko bulama a san gidajen da baƙin nan suke, kuma a riƙe sunayen a matsayin amana. A kowace mazaɓa a zaɓi mata biyu ko uku masu riƙon sirri, ungozoma, malamar Islamiyya ko shugabar zumuntar mata ta coci, a nema musu horon sauraro daga ƙwararru, a kuma ba su lambar asibitin da za su tura wadda abin ya fi ƙarfinsu, musamman wadda ta fara zancen kashe kanta. Duk rabon tallafi da za a yi, kada a tambayi kowa katin jam'iyya, kuma mata su raba wa mata. Ku kuma 'yan uwana masu waya, sojojin Facebook, ku daina ɗora hoton matar da ke kuka ko yarinyar da aka ci zarafinta don a ce maigidanku ya yi aiki. Hoton zai zauna a intanet bayan zaɓe ya wuce, ita kuma a garin za ta yi aure, a garin ɗanta zai shiga makaranta. Kuma duk wanda aka samu a cikinmu yana amfani da jerin sunayen tallafi yana neman mata, a miƙa shi ga hukuma, ko yaron waye.

Bayan wata shida da rabo, a koma a ƙirga kekuna nawa ke aiki, mata nawa ke zuwa adashi, 'yan mata nawa suka koma aji. Wannan lissafin nake so mu kawo taro na gaba, mazaɓa bayan mazaɓa.

Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya, ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.