Kwalar Bature da Masaƙun Kakuri



Akwai wata tsohuwar kalmar Ingilishi, piccadill, wadda ko Turawan yau kaɗan ne suka san ta. Sunan wata faffaɗar kwala ce mai ado a gefe, wadda ake ɗirka wa sitaci har ta sandare. Manyan Ingila suka yi yayinta wajen shekara 400 da suka wuce. Wani tela, Robert Baker, ya yi arziki da ɗinkinta, ya sayi fili a Landan wajen 1612, ya gina gida. Jama'a suka laƙaba wa gidan sunan kwalar, daga bisani sunan ya bi titin. Shi ne Piccadilly. Hukuma ta taɓa raɗa masa Titin Fotugal, amma bakin mutane ya rinjaya.

Mu ma nan kudancin Kogin Kaduna mun san yadda sana'a ke ba wuri suna, ga Maƙera nan shaida. Kakuri kuwa, da an ambace ta sai a tuna masaƙa. A 1957 gwamnatin Jihar Arewa, ƙarƙashin Sardauna, ta haɗa gwiwa da kamfanin David Whitehead na Ingila aka buɗe Kaduna Textiles, tana saƙa akoko da audugar manomanmu. UNTL ta biyo baya a 1964, ga kuma Arewa Textiles. Dubban mutane daga kowane sashe na ƙasar nan suka ci abinci a wurin, banda masu tuwo-tuwo da masu gidajen haya.

To, a nan labarin biyu suka rabu. Kwalar Bature ta mutu ne don an daina yayinta, kuma ba mu ga abin kuka ba, domin abin da zai hana mutum waiwaye ba tufa ba ne, mari ne. Amma mu yaushe muka daina sa tufafi? Ƙarancin lantarki, da tsadar baƙin mai, da tsofaffin injuna, da yadin fasa-ƙwauri su suka durƙusar da masaƙun. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, ma'aikatanta suka shekara da shekaru suna bin haƙƙinsu, wasu har suka rasu. A 2007 UNTL ma ta sallami nata.

Da yawanmu za mu ɗaure wuya da kwala mu shiga ofis, lauyoyin cikinmu ma har da mai tauri irin ta kotu. Wasunmu su ne za su zauna a kwastan da ma'aikatar ciniki, takardun shigo da yadi su bi ta teburinsu. Galibin shaddar da ke jikinmu a zauren nan ta jirgin ruwa ta iso.