Mutum Huɗu, Tukunya Ɗaya: Jawabi a kan Littafin Rohinton Mistry



Littafin da zan yi magana a kansa ƙagaggen labari ne mai suna A Fine Balance, wanda Rohinton Mistry ya wallafa cikin 1995. An haifi marubucin a Bombay a 1952, ya ƙaura Kanada a 1975, wato shekarar da Firayim Minista Indira Gandhi ta kafa dokar ta-ɓaci a Indiya, wadda ta yi wata 21. A wannan zamani akasarin labarin ya gudana.

Dina Dalal mijinta ya rasu, ta ƙi zama ƙarƙashin wanta, ga kuɗin haya, ga idanunta sun fara rauni. Sai ta ɗauki teloli biyu, Ishvar da Om ɗan ƙanensa, ta kuma ba wani ɗalibi, Maneck, hayar ɗaki. Su telolin asalinsu majema ne, jinsin da ake ƙyamar ko taɓawa a ƙauyensu, wani tela Musulmi ne ya koya musu ɗinki.

To, abin da nake so ku lura da shi, ba ƙauna ce ta tara su ba, larura ce. Da farko in Dina za ta kai kaya kamfani, kwaɗo take sa wa ƙofa tana kulle telolin ciki, don kada su gano inda take samo aikin. Kofunan shayinsu ma daban ta ware. Sai da hukuma ta rushe unguwar talakawan da suke kwana, da sunan ƙawata birni, suka sha wuya iyakar wuya, sannan ta yarda su shimfiɗa a barandarta. Daga nan aka fara girki tare. A ganina gwanintar Mistry a nan take: bai sa kowa ya tashi ya yi wa'azin 'yan'uwantaka ba, sai dai mai karatu ya farga wata rana an daina bambanta kofi. Dina kuwa tana ta harhaɗa ƙyallayen da suka rage tana ɗinka bargo, kowane ƙyalle da ranar da yake tuna musu.

Amma dangin da zama ya haifa ba su da takarda. Mai gida yana ganin an karya sharaɗin haya, hukuma kuwa ba ta san da su ba. Da telolin suka je gida neman wa Om mata, aka kama su a kasuwa, aka yi musu aikin hana haihuwa bisa tilas. Ku da za ku zauna a ofis, ku duba waɗanda suka cika wannan umurni: ƙananan ma'aikata ne da aka ɗora wa adadin da za su kawo. Om aka dandaƙe shi, Ishvar ciwo ya ci ƙafafunsa aka yanke. Dina aka fitar da ita daga gidan.

Akwai masu cewa masifun sun yi yawa ga littafi ɗaya, ban kuwa ce ba su da hujja ba. Cikin 1984 Maneck ya komo daga Dubai, ya ga telolin suna bara, ya kasa yi musu magana. Dina tana gidan wanta, kullum da rana in masu gida sun fita takan shigo da su ta ƙofar baya ta zuba musu abinci, ta wanke kwanonin kafin kowa ya dawo.